Tsarin adireshin ƙwaƙwalwa da sauya mazaunin laburare a manhajojin tafinta

Tsarin adireshin ƙwaƙwalwa shi ne yadda babbar manhajar kwamfuta take raba wa kowace manhaja mai gudana wurin zama a cikin ƙwaƙwalwar ajiya: inda za a ajiye umarninta, inda za a ajiye bayananta, da inda za a sauke laburarorin da take aro. Kowace babbar manhaja tana da nata tsarin. Na Windows daban, na Linux daban, na macOS daban. Matsala takan taso ne idan aka so gudanar da manhajar da aka rubuta domin wani tsari a kan wani tsarin, ta hanyar abin da ake kira manhajar tafinta, irin su Wine da Cygwin. A nan tsari biyu ne suke neman zama a fili ɗaya, kuma sau da yawa dukkansu suna son wuri guda. Idan aka kasa sasanta su, manhajar takan ƙi buɗewa, ko ta buɗe ta mutu a tsakiyar aiki ba tare da wani bayani da mai amfani zai fahimta ba.

Adireshi a ƙwaƙwalwar kwamfuta

An kasa ƙwaƙwalwar kwamfuta zuwa ƙananan gurabe da ake kira bayit, kuma kowane gurbi yana da lambarsa. Wannan lambar ita ce adireshi. Bisa al'ada ana rubuta adireshi da lissafin tushe 16, a sa alamar 0x a gabansa. Misali, 0x400000 daidai yake da 4,194,304 a lissafin da aka saba, wato megabayit 4 daga farkon fili.

Adireshin da manhaja take gani ba shi ne ainihin gurbin da ke cikin na'ura ba. Furosesa da babbar manhaja suna ba kowace manhaja nata filin na kanta, sannan su riƙa fassara adireshinta zuwa gurbi na zahiri. Ana yin wannan fassara gungu-gungu, kowane gungu ana kiransa shafi, kuma girman shafi a furosesa irin ta Intel da AMD bayit 4,096 ne. Saboda haka manhajoji biyu za su iya amfani da 0x400000 a lokaci guda ba tare da sun yi karo ba, kamar yadda akwai Sabon Gari a Kano, akwai kuma Sabon Gari a Zariya, suna ɗaya amma wuri daban. Karo yana faruwa ne kawai idan abu biyu a cikin manhaja guda suka nemi adireshi ɗaya.

A tsarin bit 32, adireshin da za a iya samu gaba ɗaya 4,294,967,296 ne, wato gigabayit 4. Windows tana ba manhaja gigabayit 2 na ƙasa, ta riƙe 2 na sama domin kanta. Linux kuwa ta saba ba manhaja gigabayit 3, ta riƙe 1. A tsarin bit 64 filin ya faɗaɗa ƙwarai: a yawancin kwamfutoci manhaja tana samun terabayit 128.

Laburaren tarayya

Manhajoji da yawa suna buƙatar ayyuka iri ɗaya, kamar buɗe fayil, zana rubutu a fuskar allo, ko haɗawa da intanet. Maimakon kowace ta ɗauki nata kwafin, sai a tara waɗannan ayyuka a fayil guda da kowa zai ara. Wannan shi ne laburaren tarayya. A Windows sunansa yana ƙarewa da .dll, a Linux da Android yana ƙarewa da .so, a macOS kuma .dylib. Amfaninsa biyu ne: kwafi ɗaya a ƙwaƙwalwa ya ishi manhajoji da yawa, kuma idan an gyara kuskure a laburare, kowa ya amfana.

Sai dai a cikin umarnin laburare akwai wuraren da aka rubuta adireshi a fili, misali umarnin da ke cewa a ɗauko abin da ke gurbi kaza. Wanda ya haɗa laburaren bai san inda za a sauke shi ba a kowace kwamfuta. An bi hanyoyi uku wajen warware wannan.

Hanya ta farko ita ce a yanka wa kowane laburare wurinsa na dindindin. Haka Linux ta yi a farkon shekarun 1990 da tsarin fayil mai suna a.out, inda sai an yi wa kowane laburare rajistar adireshi domin kada ya hau kan wani. Da laburarori suka yawaita, abin ya gagara, aka koma tsarin ELF a wajen 1995.

Hanya ta biyu ita ce ta Windows. Kowane fayil yana ɗauke da adireshin da ya fi so, tare da jerin duk wuraren da aka rubuta adireshi a cikinsa. Idan wurin da yake so babu kowa, sai a sauke shi a nan ba tare da gyara ba. Idan an riga shi, sai a kai shi wani wuri a gyara adireshin ɗaya bayan ɗaya. Wannan gyara shi ake nufi da sauya mazauni.

Hanya ta uku ita ce a rubuta umarnin ta yadda ba ya ambaton cikakken adireshi, sai dai tazara daga inda yake tsaye. Bambancin kamar na mai kwatance ne da ya ce "gida mai lamba 40" da wanda ya ce "gida na uku daga nan". Kwatance na biyu yana aiki ko'ina aka kai unguwar gaba ɗayanta. Kamfanin Sun ya yi amfani da wannan dabara a SunOS 4.0 a 1988, kuma ita ce ta zama al'adar ELF. Adireshin da dole sai an cike su ana tara su a tebur guda mai suna GOT, ta yadda umarnin kansa ba a taɓa shi.

Yadda ake sauya mazauni

A Windows mai bit 32, adireshin da fayil ɗin .exe ya saba nema shi ne 0x00400000, na .dll kuma 0x10000000. A bit 64 sun koma 0x140000000 da 0x180000000. Jerin wuraren gyara yana cikin wani sashe na fayil mai suna .reloc, an kasa shi shafi-shafi.

A ɗauka wani laburare ya nemi 0x10000000 amma ya tarar da wani a wurin, aka sauke shi a 0x12000000. Bambancin shi ne 0x02000000. Mai lodi zai bi jerin, duk inda ya ga adireshi ya ƙara masa wannan bambanci. Umarnin da ke nuni zuwa 0x10003020 zai koma nuni zuwa 0x12003020. Idan akwai irin wannan wuri dubu goma, sau dubu goma za a yi gyaran.

Wannan yana da tsada ta fuska biyu. Yana jinkirta buɗe manhaja, kuma duk shafin da aka gyara ya bambanta da na cikin fayil, don haka manhajojin da suka sauke laburaren a wurare daban ba za su iya tarayya a kansa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne, tsofaffin fayilolin .exe da yawa ba su da sashen .reloc kwata-kwata. Masu haɗa su sun cire shi domin rage girma, tunda .exe ne ake fara saukewa a fili, babu mai riga shi. A kan Windows wannan zato daidai ne. A kan manhajar tafinta kuwa ba lallai ya zama daidai ba.

Wine da rikicin 0x400000

An fara aikin Wine a 1993 a hannun Bob Amstadt da Eric Youngdale, kuma tun 1994 Alexandre Julliard ne ke jagorantarsa. Fitowa ta 1.0 ta zo a watan Yunin 2008. Wine ba ya kwaikwayon furosesa. Yana sauke fayil ɗin Windows kai tsaye a cikin filin wata manhajar Linux, ya bar furosesa ta gudanar da umarninsa, shi kuma ya riƙa fassara buƙatun da manhajar ke aika wa Windows zuwa waɗanda Linux ke ganewa. Ma'ana, a fili ɗaya akwai laburarorin Linux da na Windows tare.

Tun da Wine kansa manhajar Linux ce, mai lodin Linux ne yake fara aiki. Kafin Wine ya samu damar yin komai, an riga an sauke laburaren C da sauransu a inda Linux ta ga dama. A tsohon tsarin Linux mai bit 32 wannan bai dami kowa ba, domin manhaja tana sauka a 0x08048000, laburarori kuma daga 0x40000000 zuwa sama, sai 0x00400000 ya zauna babu kowa.

Abin ya canza a 2003, lokacin da Ingo Molnar na kamfanin Red Hat ya fito da wata kariya mai suna Exec Shield, wadda ta shiga cikin Fedora. Ɗaya daga cikin dabarunta ita ce sauke laburarori a ƙananan adireshi, ƙasa da megabayit 16, domin irin waɗannan adireshi suna ɗauke da bayit mai sifili, abin da ke wahalar da masu kutse. Amma megabayit 4, inda .exe na Windows yake son zama, yana cikin wannan yanki. A lokaci guda kuma ga manhajar prelink ta Jakub Jelínek, wadda ke yanka wa laburarorin Linux adireshi tun kafin a buɗe su domin a yi sauri, ba tare da ta san akwai wani baƙo da zai zo neman wuri ba. Sakamakon haka, manhajojin Windows marasa .reloc suka riƙa ƙin buɗewa.

Maganin da aka samo a 2004 shi ne wata ƙaramar manhaja mai suna wine-preloader, wadda Mike McCormack da Julliard suka rubuta. Ba ta dogara da kowane laburare ba, don haka ita ce ke fara shiga fili. Aikinta shi ne ta kama yankunan da Windows za ta buƙata, ta sa musu alamar an kama, sannan ta kira mai lodin Linux da kanta. Shi kuma idan ya zo ya ga an kama wuraren, sai ya nemi wasu. Kamar mai sammakon zuwa kasuwa ne ya shimfiɗa buhu a rumfunan da 'yan'uwansa za su zauna.

Daga cikin wuraren da ba a sasantawa a kansu akwai 0x7FFE0000. A wannan adireshi Windows take ajiye wani shafi mai ɗauke da agogo da wasu bayanan tsarin, kuma manhajoji suna karanta shi kai tsaye ba tare da tambaya ba. Matsayinsa kamar na rijiyar Kusugu ne a Daura: kowa da ita yake kwatance, ba a ɗaga ta a kai wata unguwa. Dole Wine ya samar da wannan shafi a daidai wannan adireshi.

Akwai kuma farkon fili. Tsofaffin manhajojin DOS da na Windows mai bit 16 suna amfani da adireshi tun daga sifili. A 2007 Linux ta ƙara wani saiti mai suna mmap_min_addr da ke hana manhaja kama wannan yanki, saboda masu kutse suna amfani da shi wajen kai wa zuciyar tsarin hari. Rabe-raben Linux da yawa sun sa shi a 65,536. Daga nan masu amfani da Wine suka fara ganin gargaɗin cewa an kasa kama yankin farko. Ga manhajojin zamani gargaɗin ba ya hana komai, amma ga tsofaffin yana iya hana su aiki.

Iyakar gigabayit 2

Manhajar Windows mai bit 32 ta saba da cewa adireshinta ba zai kai 0x80000000 ba. Wasu masu rubuta manhaja sun dogara da wannan, suna ɗaukar adireshi a matsayin lamba mai iya zama ƙasa da sifili. Idan aka ba irin wannan manhaja adireshi a gigabayit na uku, sai ta karanta shi a matsayin lambar ragi, lissafinta ya rikice. Shi ya sa Windows ba ta ba manhaja fiye da gigabayit 2 sai idan fayil ɗin yana ɗauke da tutar da ke cewa ya iya da manyan adireshi. Wine ma dole ya kiyaye wannan iyaka ko da Linux ta ba shi fili fiye da haka.

A ɗaya ɓangaren kuma, filin yana iya ƙarewa. A ƙarƙashin Wine, laburarorin Linux, musamman direbobin zane masu girma, suna cin wuri a filin manhajar. Wasan da ke gudana lafiya a Windows yana iya mutuwa a Wine da kukan ƙarancin ƙwaƙwalwa, alhali na'urar tana da ram gigabayit 16. Abin da ya ƙare adireshi ne, ram ɗin yana nan. Proton, wanda kamfanin Valve ya gina a kan Wine ya fitar a 2018, yana kunna tutar manyan adireshi ga wasanni da kansa domin rage wannan matsala.

Cygwin da matsalar haihuwar manhaja

Cygwin tafinta ne ta ɗaya fuskar: yana ba manhajojin Unix damar gudana a kan Windows. Steve Chamberlain ne ya fara shi a 1995 a kamfanin Cygnus Solutions. Babbar matsalarsa ita ce umarnin fork, wanda a Unix yake sa manhaja ta haifi kwafin kanta, komai a adireshinsa. Hanyar da Windows ta tanadar wa manhajoji ba ta da irin wannan. Saboda haka Cygwin yakan buɗe sabuwar manhaja, sannan ya kwafe bayanan uwar zuwa cikin 'yar.

Bayanan da aka kwafa cike suke da adireshi masu nuni zuwa cikin laburarori. Idan wani .dll ya sauka a wuri kaza a uwar, ya sauka a wani wuri a 'yar, duk waɗannan adireshi sun zama kwatancen ƙarya. Cygwin yakan gano haka ya dakatar da aikin, ya ba da saƙon cewa ya kasa mayar da laburaren adireshin da yake a wurin uwar. Maganin shi ne rebaseall, wanda ke bin dukkan laburarorin Cygwin ya ba kowanne adireshin da ba ya karo da na wani. Wato an koma hanyar farko ta yanka wa kowa wurinsa. Ko da haka, manhajojin riga-kafin cutar kwamfuta da ke cusa nasu .dll cikin kowace manhaja suna iya zama a wurin da aka tanada. A bit 32 filin ya yi ƙanƙanta ga dubban laburarori. Cygwin mai bit 64 ya fito a 2013, kuma a ƙarshen 2022 aka daina sabunta na bit 32.

Watsa adireshi domin tsaro

Adireshi na dindindin yana sauƙaƙa wa manhajar tafinta, amma yana sauƙaƙa wa mai kutse ma, domin ya san inda komai yake. Dabarar ASLR, wato sauke kowane abu a adireshin da aka zaɓa da ka, ta fito daga aikin PaX a 2001. OpenBSD ta ɗauke ta a 2003, Linux a 2005, Windows kuma a Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007. Wannan ya sa sababbin fayilolin .exe suna zuwa da .reloc, abin da ya rage wa Wine wahala. Amma ya ƙara wa Cygwin, wanda rayuwarsa ta dogara ga komai ya sauka a inda ya sauka ɗazu.

A wayoyin hannu da na'urorin ARM

Ga yawancin mutane a Daura, Katsina ko Kano, inda za su gamu da wannan matsala ita ce wayar Android. Daga Android 5.0 na 2014, tsarin ya daina karɓar fayilolin gudanarwa masu adireshi na dindindin. Daga Android 6.0 na 2015, manhajar da aka gina domin wannan mataki ko sama da shi ba za ta iya ɗaukar laburaren da ke buƙatar a gyara adireshi a cikin umarninsa ba. Wannan yana cikin dalilan da kan sa manhaja ta shiga waya lafiya amma ta rufe da zarar an taɓa ta. Haka kuma wasu wayoyi masu araha suna da furosesa mai bit 64 amma Android ɗin da ke kansu na bit 32 ne, yayin da wasu sababbi, kamar Pixel 7 na 2022, ba sa karɓar manhajar bit 32 ko kaɗan. Fayil ɗin da aka tura daga wata waya zuwa wata yana iya ɗauke da laburaren da bai dace da ita ba.

Girman shafi ma ya zama batu. Manhajojin Windows an gina su ne bisa shafi mai kilobayit 4. Kwamfutocin Apple masu furosesa M1 zuwa sama suna amfani da kilobayit 16, haka ma Raspberry Pi 5 a saitinsa na asali. Idan sassa biyu na fayil, ɗaya na karantawa kawai ɗaya na rubutawa, suna da tazarar kilobayit 4 tsakaninsu, a babban shafi za su faɗa shafi guda, ba yadda za a ba kowanne izininsa daban. Masu son Wine a Raspberry Pi 5 sukan koma zuciyar tsari mai shafin kilobayit 4. Android 15 ma ya fara karɓar shafi mai kilobayit 16, kuma Google ya sanar cewa daga 1 ga Nuwamba 2025 sababbin manhajojin da aka gina domin Android 15 zuwa sama sai sun iya aiki da shi kafin su shiga Google Play. Manhajoji irin su Winlator, da ke haɗa Wine da Box64 domin buga wasannin Windows a waya, suna fuskantar waɗannan matsaloli gaba ɗaya: bambancin furosesa, bambancin girman shafi, da bambancin tsarin adireshi.

Hanyoyin magancewa

Hanyoyin da ake bi sun kasu huɗu. Akwai riga kowa kama wuri, kamar yadda wine-preloader yake yi. Akwai sake raba adireshi tun kafin a buɗe manhaja, kamar rebaseall. Akwai raba masu rikicin: tun daga Wine 9.0 na Janairun 2024 akwai sabon tsarin WoW64, inda manhajar Windows mai bit 32 take gudana a cikin manhajar Linux mai bit 64, sai laburarorin Linux su koma can sama, su bar mata gigabayit 4 na ƙasa. Ta huɗu ita ce a haƙura da fassara a kawo ainihin tsarin. Microsoft ta fara WSL a 2016 a matsayin tafinta mai fassara buƙatun Linux, amma a WSL 2, wanda aka sanar a 2019, ta koma gudanar da ainihin zuciyar Linux a cikin na'urar kwaikwayo mai filinta na kanta. Wannan hanya tana kawar da karon adireshi gaba ɗaya, sai dai tana cin ƙwaƙwalwa fiye da sauran, abin da ke da nauyi ga mai tsohuwar kwamfuta mai ram gigabayit 4.